Darasi na 7: Zaɓen Unguwa Idan Za a Koma Wani Gari da Ƙaramin Yaro

Canjin wurin aiki, ko kasuwanci, ko karatu, yakan ɗauke magidanci da iyalinsa ya kai su garin da ba su san kowa ba. Babba duk inda dare ya yi masa zai iya kwana. Yaron da ya fara tatata ba haka yake ba. Daga shekara 1 zuwa 3 ƙafa ta buɗe, wayo bai zo ba. Abin da ya tsinta a ƙasa, baki zai kai. Ƙofar da aka bari a buɗe, ita zai bi. Saboda haka shi za ku zaɓa wa unguwa, ba kanku ba.

Za mu yi misali da Kano, domin nan na koma da iyalina lokacin da 'yata take shekara 2.

Abin da ya same ni

A watan Janairu na kama haya, ana tsakiyar hunturu. Dillali ya kai ni da hantsi. Ciki da falo ne, sabon fenti, ga araha. Ban tambayi kowa ba na biya kuɗin shekara. Da watan Agusta ya kama, aka kwana ana ruwa. Gari ya waye kwatar ƙofar gida ta cika ta haɗe da hanya, ba ka gane ina rami yake, ina tudu yake. Tsakar gida ruwa har ƙauri. Yarinyar nan a bayan mahaifiyarta ta wuni, tana kuka tana son a sauke ta, babu inda za a ajiye ta.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya same ni ina kwalfe ruwa da bokiti. Ya ce, "Ɗana, da ka tsaya mun gaisa ranar da ka zo duba gidan nan, da na nuna maka." Na ce, "Baba, me za ka nuna mini?" Ya ɗora yatsa a jikin katanga. Ga zanen danshi nan, ya kai tsayin gwiwa, fenti bai rufe shi ba. Ya nuna mini dokin ƙofar kowane gida a layin, duk an ɗaga shi da bulo biyu. Shaida tana nan tun ranar farko, ni ne ban san abin da zan duba ba. Matambayi ba ya ɓata.

Ku je sau uku

Kada ku yanke shawara da zuwa ɗaya. Ku je da safe, ku ga cunkoson hanya da layin ɗiban ruwa. Ku koma bayan sallar isha'i, ku ga su wa ke zama a bakin layi, ku ji ƙarar janareto da yawan sauro. In da hali, ku sake zuwa bayan an ɗauke ruwan sama. In rani ne, ku duba ƙasan katanga da dokin ƙofa kamar yadda dattijon nan ya koya mini.

Kuma maigida kada ya je shi kaɗai. Uwar yaro ce za ta wuni a gidan. Ita za ta shiga wajen matan maƙwabta su gaya mata abin da dillali ba zai faɗa ba, domin shi la'adarsa yake nema.

Idan kun shiga gidan, ku tsuguna. Ku kalli tsakar gida daga tsayin yaronku. Da haka za ku ga wayar lantarki da ta saki, da matakala marar makari, da ramin masai da murfinsa ya fashe. Rijiya ita ce abin da ya fi tayar mini da hankali. In akwai ta a gidan, sai da murfin ƙarfe da kwaɗo, kuma ku tabbata sauran 'yan haya suna rufewa. Ko ruwan baho da aka bari a tsakar gida ya isa ya halaka yaro mai tatata, balle rijiya.

Ruwa da wuta

Mai ƙaramin yaro ba ya rabuwa da wanki. Ku tambaya ko famfo yana kawo ruwa, kuma sau nawa a mako. In rijiyar burtsatse ce, ta wa ce, nawa ake biya? In 'yan garuwa ake dogaro da su, ku tsayar da mai kura ɗaya ku tambaye shi kuɗin jarka da damina da kuma lokacin bazara, da inda yake ɗebowa. Ruwan da ba a san tushensa ba shi ke kawo wa yara gudawa.

Wutar lantarki an kasa ta rukuni-rukuni, daga Band A zuwa Band E. 'Yan Band A aka ce za su samu awa 20 a rana ko fiye, kuma tun watan Afrilu na 2024 kuɗinsu ya ƙaru sosai. Ku san rukunin layin kafin ku biya. Ko da wuta ko babu, ɗakin kwana ya zama mai taga biyu da iska ke ratsawa, saboda zafin Afrilu da Mayu, lokacin da sanƙarau ke yawa.

Asibiti da tsakar dare

Zazzaɓin yaro ba ya jiran gari ya waye. Kano tana da manyan asibitoci: na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, na Murtala a wajen Ƙofar Mata, da asibitin yara na Hasiya Bayero a cikin birni. Amma abin tambaya shi ne, da ƙarfe 2 na dare wa zai kai ku? Tun 2013 aka hana achaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin, adaidaita sahu kuma takan yi wuya idan dare ya raba. Ku duba ko mota tana iya shiga layin, ko kuwa lungu ne sai an taka.

Ku nemi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ku tambayi ranar rigakafi. Katin rigakafin yaro kada ya shiga cikin kayan da aka ɗaure a buhu, ku riƙe shi a jaka. Ana yin allurar ƙyanda ta biyu a wata 15, kada ku manta da ita a hidimar tashi.

In gidan yana kusa da masana'antu, kamar na Sharaɗa, Bompai ko Challawa, ku tsaya ku shaƙi iskar wurin, ku duba launin ruwan kwata. Haka nan bola da bakin babban titi.

Mu yi lissafi

Ga misali. Gida na farko yana kusa da wurin aiki, ana zuwa da ƙafa, hayarsa naira 400,000 a shekara. Na biyu yana bayan gari, hayarsa naira 280,000, amma kuɗin mota zuwa da dawowa naira 1,000 ne kullum. Kwana 26 na aiki a wata, naira 26,000 ke nan. A wata 12 ya zama naira 312,000. Haɗa da haya, gida na biyu ya tashi naira 592,000. Wanda ake gani mai araha ya fi tsada da naira 192,000, ban da uba da zai riƙa fita yaro yana barci ya dawo yana barci.

Kafin ku sa hannu a takardar haya, ku je ku gaida mai unguwa da limamin masallacin layin. Ku karɓi rasit na duk abin da kuka biya, har da la'ada.

Aikin gida

1. Rubuta sunayen unguwanni biyu na garin da kake son komawa, da asibitin da ya fi kusa da kowacce.
2. Idan jarkar ruwa naira 150 ce, gidanku yana shan jarka 4 a rana, nawa za ku kashe a kwana 30?
3. Ku zauna biyu-biyu a aji. Ɗaya ta zama baƙuwa mai goyo, ɗaya ta zama matar da ta daɗe a unguwar. Baƙuwa ta yi sallama, ta gaisa, sannan ta yi tambayoyi biyar.