Kurakuran da muke yi wajen kai rahoton bog da tura kod a GitHub

Wanda ya fi yawa dai shi ne "ba ya aiki". Mutum ya buɗe ishu, wato rahoton bog (matsalar lojisiyel) a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ya rubuta kalma uku ya tafi shan shayinsa. Ɗan uwa, mai kula da lojisiyel ɗin yana can Jamus ko Indiya, sau da yawa ma kyauta yake aikin bayan ya taso daga biro, bai taɓa ganin ordinatar ɗinka ba, duba zai yi?

Ni ma na taɓa yi fa. Wata rana a Harobanda ina shigar da sunayen mutane cikin wani ɗan lojisiyel, sai ɗ da ƙ da ƴ duk suka koma alamar tambaya, na ɗauki hoton ekran da salula, rana ta haske rabinsa, na tura ina ta fushi. Bayan kwana uku aka ce in kwafo saƙon kuskuren a rubuce in haɗo da fayil ɗin. Ashe CSV ɗina ne, fayil ɗin sunayen, ban ajiye shi da UTF-8 ba, tsarin da ke riƙe irin waɗannan haruffa, laifin ma nawa ne. Tun ranar sai na faɗi bersiyon ɗin da nake da shi, Ubuntu ne ko Windows, me na danna ɗaya bayan ɗaya, me na zata zai fito, me ya fito. In da ɗan ƙaramin fayil da ke tada matsalar, a saka shi, amma a cire sunayen mutane na gaskiya tukuna.

Kafin ka buɗe sabon ishu ka bincika, har cikin waɗanda aka rufe, wataƙila an gyara tun bara.

Sai masu tura kod. Ka karanta CONTRIBUTING.md mana, fayil ɗin da ke faɗin yadda suke son a turo gyara, kowane gida da al'adarsa: kernel na Linux, wato zuciyarsa, har yau ta imel ake aika gyara, LibreOffice kuma a Bugzilla, wani shafin rahoton bog daban, ake kai rahoto. Ka yanki reshenka daban, wato kwafin kod ɗin da za ka yi aiki a kai, gyara ɗaya tak a ciki. Wani zai gyara layi biyu amma ya bi fayil arba'in yana sauya tazara, wa zai zauna ya duba wannan? Kuma komit, wato gyaran da ka ajiye ka sa masa suna, mai suna "gyara", "gyara 2", "wallahi na ƙarshe", haba malam, faɗi abin da ka canza da dalili.

Wanda ya fi ciwo shi ne barin kalmar sirri ko makullin API, wanda lojisiyel ke shiga wani sabis da shi, cikin kod. Git, lojisiyel ɗin da ke ajiye tarihin kod, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ba ya mantuwa, ko ka goge a komit na gaba yana nan cikin tarihi. Ka soke makullin nan take ka yi sabo.

In ka tura kuma shiru, kar ka dame su kullum da safe. Bari sati ɗaya ko biyu, sannan ka tuna musu cikin ladabi a ƙarƙashin ishun, ba ta inbos ɗin mutum ba.