Katin bashi marar ruwa: abin da za ka duba kafin ka sa hannu

Mu nan Kumasi katin bashi bai dame mu ba. Ɗan kasuwa a Kejetia in jari ya yanke masa, adashi yake jira, ko ya ci bashin Momo, wato asusun kuɗi na wayar hannu, ko ubangidansa ya ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Bankunan da ke ba da katin ba su da yawa, kuma a ƙasar da Babban Banki ya kai ruwansa kashi 30 cikin 100 a 2023, kada ka sa ran wani zai ba ka rance na shekara biyu kyauta. Wannan harkar ta Ingila da Amurka ce. To amma gida nawa ne a Aboabo ko Asawase ba su da ɗa a Landan ko Bronx? Ni ke riƙe da lissafin gidanmu, saboda haka ni ƙannena ke kira idan banki ya turo musu tayin kati mai sifiri cikin ɗari. Tsarin Ingila zan fi kawowa, don can nawa suke.

Da farko ka san katin iri biyu ne, ko da yake wani yakan haɗa duka. Akwai na sayayya: ka sayi firiji ko tikitin jirgi, ka biya a hankali ba ruwa har wa'adi ya cika. Akwai kuma na mayar da bashi: kana da tsohon kati da ruwa ke cin ka, sabon banki ya biya maka shi, bashin ya dawo wurinsa. Wanda ya karɓi na mayar da bashi ya shiga kanti da shi yakan tarar da ruwa ya hau kan sayayyar, domin sassaucin bai shafe ta ba. In katin ya haɗa biyun, duba wa'adin kowanne daban, ba lallai su zo ɗaya ba.

Wurin mayar da bashi ne lissafi yake, kuma nan ne mutanenmu ke gajen haƙuri. Banki na cirar ladansa tun ranar farko, galibi wajen kashi 3 cikin 100. Ɗauki misali: ana bin ka fam 2,400 a katin da ruwansa ya kai kashi 24 a shekara. Kowane wata sama da fam 40 na tafiya a ruwa kawai, uwar kuɗi na nan zaune. Ka mayar da shi katin wata 24, lada fam 72, jimla 2,472. Raba gida 24, fam 103 ke nan duk wata. Ni gida 23 nake sa su raba, ya zama kusan fam 108, don a gama da saura wata guda a hannu. Idan kuwa ƙarfinka ya kai fam 200 a wata, nemi katin wata 12 da ba ya cirar lada, akan samu irinsu, fam 72 ɗin ya zauna a aljihunka. Kowa idonsa na kan wa'adi mafi tsawo, alhali abin da albashinka zai iya ɗauka shi ya kamata ya zaɓa maka kati.

Banki zai rubuto maka mafi ƙarancin abin da za ka biya a wata, ɗan kuɗi kaɗan mai daɗin gani. Wannan adadin ba zai kashe bashin kafin wa'adi ba, ba a ma tsara shi don haka ba. Amma kuma kada ka kuskura ka tsallake shi ko sau ɗaya: latti guda na iya sa a janye sassaucin gaba ɗaya, a ƙara maka tara, a kuma rubuta a tarihin bashinka. Ba wa bankinka umarni ya riƙa cire kuɗin da kansa washegarin shigar albashi, kuma adadin da ka lissafa za ka sa, ba nasu ba.

Sai ƙananan sharuɗɗa. Ba a mayar da bashi tsakanin katuna biyu na banki ɗaya. Yawanci sai ka yi mayarwar cikin kwana 60 ko 90 na farko. Idan talla ta ce “har zuwa” wata kaza, ana iya ba ka ƙasa da haka. Ruwan da suke tallatawa na bayan wa'adi, wato APR, kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka amince da su kawai doka ta wajabta a ba. Saura ana iya tsawwala musu. Kafin ka cika takarda, yi amfani da ma'aunin cancanta da ke shafin bankin, wanda ke nuna maka ko za a iya amincewa da kai; ba ya barin tabo a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, Experian, Equifax ko TransUnion. Cika takardu barkatai kuwa yana bari.

Ga wanda ya fi shafar mu. Goshin Babbar Sallah ƙanena ya kira: “Yaya, tunda katin ba ruwa, bari in turo wa Hajiya kuɗin rago da shi ta Momo.” Na ce masa a'a. Yawancin bankuna suna ɗaukar tura kuɗi da katin bashi tamkar cirar tsaba a na'ura, ita kuwa tsaba ba ta cikin sassauci: akwai lada nan take, ruwa kuma ya fara hawa tun ranar. Haka in ka zo hutu ka shiga kanti a Adum ka biya da shi, yawancin katunan za su ɗora maka kusan kashi 3 na canjin kuɗi. Kuɗin gida ya fito daga albashi. Inda katin ke da amfani na gaske shi ne tikitin jirgi zuwa Accra: sashe na 75 na dokar bashi ta Ingila ta 1974 ya ɗora wa bankin da ya ba da katin alhaki tare da mai sayarwa a kan abin da ya haura fam 100 har zuwa 30,000, don haka in kamfanin jirgin ya durƙushe kana da inda za ka kama. Sai dai ka saya kai tsaye daga kamfanin, bi ta hannun dillali na iya raunana wannan kariyar.

Na Amurka su yi hattara da katunan kantuna masu cewa ba ruwa “in ka gama biya cikin” wata kaza. Ko dala 20 ta rage ranar ƙarshe, ruwan duk watannin baya ake tattarowa a ɗora maka.

Maganar addini ba zan tsallake ta ba. Yarjejeniyar da za ka sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin ruwa, ko da ba ka taɓa biyansa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Riyad a 2000 cewa bai halatta ba ko da mutum ya ƙudurta biya a kan lokaci. Wasu malamai mazauna Turai sun yi sassauci saboda buƙata, da sharaɗin kada ruwa ya taɓa hawa. Ni ba mai fatawa ba ne. Kai wa malaminka takardar kanta ya gani, ka kuma tambaye shi hukuncin ladan nan na kashi 3, don shi ma abin tambaya ne.

Ranar da katin ya iso, nemi ranar ƙarewar wa'adi a takardar, ka sa wayarka ta tuna maka wata biyu kafin nan. In ka ga akwai saura da ba za ka iya kashewa ba, lokacin ne za ka nemi wani katin ka sake mayarwa, da sanin cewa wani ladan za ka sake biya, kuma ba dole ne a sake amincewa da kai ba.