Yadda nake kwantar da fargaba da hifnosis

Hifnosis shi ne tattara hankali wuri guda da sassauta jiki har a shiga natsuwa mai zurfi. Bayan Isha nake yi, in zafin Sakkwato ya ɗan sauka. Shimfiɗa tabarma, kashe waya, ka kafa ido wuri guda a bango. Ja numfashi ta hanci, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Bi jikinka daga yatsun ƙafa kana sassauta kowace gaɓa. Kafaɗa ce mai taurin kai, ka daɗe a kanta. In idanu suka yi nauyi, rufe su, ka riƙa maimaita a zuci: "Ƙirjina ya sake." Kana jin komai, hankalinka na hannunka. Bayan minti 10, ƙirga zuwa 5 ka buɗe ido.

Fargabar da ta hana ka barci ko cin abinci kuwa, je ka ga likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.