Yadda Ake Bin Salsalar Kaka Ɗan Ingila

Wanda ke da kaka ɗan Ingila a cikin zuri'arsa, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ya yi sa'a ta wani fanni, domin ƙasar ta daɗe tana rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Sai dai yawan takardun kan ɓatar da mai gaggawa, saboda masu suna iri ɗaya suna da yawa a gari guda. Don haka a fara da abin da aka tabbatar a gida, kamar tsofaffin wasiƙu da rubutun da ke bayan hotuna da abin da dattawa ke tunawa, sannan a riƙa komawa baya daga ɗa zuwa uba ba tare da tsallake kowa ba.

Tun ranar 1 ga Yulin 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Ana duba jerin sunayen kyauta a shafin FreeBMD, sannan a sayi takardar kanta daga babban ofishin rajista da ake kira GRO. A ganina takardar aure ce ta fi cancantar a fara kashe mata kuɗi, domin tana ɗauke da sunan mahaifin ango da na mahaifin amarya da sana'ar kowannensu, kuma da wannan layi guda ake buɗe ƙofar iyayen da suka gabata.

Daga nan sai ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara 10. Ta 1841 ce ta fara ɗaukar sunan kowa, amma a yi hattara da ita, domin an rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa adadin da ke rabuwa da 5, ta yadda mai 44 zai fito a matsayin ɗan 40. Ta 1851 ta fi amfani, tunda ta nuna garin haihuwa da dangantakar kowa da maigida. A nan ne ake ganin rayuwar mutum a fili: masaƙi da matarsa da 'ya'ya shida, babban yaron ya riga ya shiga masana'anta. Ta ƙarshe da aka buɗe wa jama'a ita ce ta 1921. Ta 1931 ta ƙone a gobarar 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi, shi ya sa ake cike giɓin da rajistar da aka ɗauka a Satumban 1939.

Idan kakan ya yi aikin mulkin mallaka a Arewacin Najeriya, a nemi labarinsa a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan da kuma ta Kaduna.

Kafin 1837 kuwa, littattafan coci ne madogara, waɗanda Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin a fara rubutawa a 1538. Galibi ranar baftisma suke nunawa, wadda kan zo makonni ko ma shekaru bayan haihuwa. Haka nan kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka yaron da littafi ya ce an yi masa baftisma a Fabrairun 1740, a lissafinmu na yau Fabrairun 1741 ke nan.