Yadda za ka gane sabon Turancin soshiyal midiya kafin ka fara yaɓa shi

Wallahi yanzu ko wanda ya tashi da Turanci a baki yakan shiga kwament ya rasa me yaran nan ke faɗa, don haka kar ka ji komai in kalma ta shige maka duhu. Da farko dai kar ka ruga ƙamus, tsaya ka duba waye ya rubuta, a ƙarƙashin wane bidiyo, yabo ake ko habaici. In ka ci karo da no cap sau uku sau huɗu a ƙarshen magana da kanka za ka gane "ba ƙarya" ake nufi, cap ɗin ƙarya ce a nan, ba hula ba.

Sai kuma ka gwada ko gutsure kalmar aka yi, don da yawansu haka suke. Sus daga suspicious ne, wato abin zargi, wasan Among Us ya yaɗa ta a 2020, delulu daga delusional, wato mai ruɗin kansa, ita kuwa rizz ana ganin daga tsakiyar charisma aka yanko ta, wato iya zance da jan hankalin wanda kake so, har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekarar 2023.

Wasu kuma ɓad da kama ne, mutane na tsoron TikTok ta danne musu bidiyo in suka ambaci kisa sai suka koma cewa unalive, to irin wannan in ka gani ka san maganar mai nauyi ce, ba wurin wasa ba ne.

Abin da ni ya fi damuna shi ne a ce wai intanet ce ta ƙirƙiro komai, alhali no cap da slay (burgewa) da woke (farkawa kan wariya da rashin adalci) baƙaƙen fatan Amurka sun daɗe suna faɗarsu kafin su zama yayi, ka san asalin kalma tukuna kafin ka ɗauka.

In kana son tabbatarwa duba ƙamus ɗin Merriam-Webster ko na Cambridge, su sai kalma ta zauna suke sa ta. Urban Dictionary, ƙamus ɗin kalmomin yayi na intanet, kowa ma na iya rubutawa a ciki, ka karanta bayani uku ko huɗu ka ga inda suka haɗu.

Ka kuma lura da shekarun kalmar. Selfie tun 2013 ta samu gindin zama, amma on fleek (wato abu ya yi tsaf) da ta tashe a tsohuwar manhajar bidiyo ta Vine a 2014 yau da wuya ka ji ta. Kuma dan Allah ko wacce ce kar ka sa ta a takardar neman aiki, ka bar ta a hira da abokai.