Yadda Za A Kula Da Kyanwa Mai Yawan Ciwon Ido

Idan idon kyanwarka yana yawan ja da kwantsa, ya warke ya sake dawowa, galibi ƙwayar cutar hafis (herpes) ta kyanwoyi ce. Tana kwanciya a jiki, sai idan kyanwar ta takura cutar ta motsa.

1. Tafasa ruwa, ka bar shi ya huce. Wanke hannu da sabulu.

2. Naɗe kyanwar a tawul, kanta kaɗai a waje, in ba haka ba za ka sha yakushi.

3. Tsoma auduga a ruwan, ka goge daga gefen hanci zuwa waje. Kowane ido da audugarsa. Idan kwantsar ta bushe, ɗora jiƙaƙƙiyar auduga ta yi laushi tukuna, kada ka ɓamɓare.

4. Ɗiga maganin da likitan dabbobi ya rubuta har kwanakin su cika, ko da idon ya washe. Ragowar maganin idon mutanen gida kuwa, bar shi, wani yakan ƙara lalata ido mai gyambo. Farasitamol kuma guba ne ga kyanwa.

5. Nisanta ta daga hayaƙin murhu, turaren wuta da ƙurar hunturu.

Idan ta rufe idon ruf, ko ya yi fari-fari, ko ta daina cin abinci, kai ta wurin likita a ranar.