Yadda Ake Zaɓar Wurin Kafa Eriyar Oba-oba a Jikin Mota

Mutum zai kashe kuɗi ya sayi rediyon oba-oba mai kyau, ya ɗaure eriyar a bamba saboda nan ya fi sauƙi, sannan ya dawo yana cewa rediyon ba ya kai nisa. Sau da yawa wurin da aka kafa eriyar ne matsalar.

Fara da duba rufin motarka. Irin eriyar da aka fi sakawa a mota rabin aikin kawai take yi, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ne ke cika sauran. Shi ya sa tsakiyar rufi ya fi ko'ina: nan ne ƙololuwa, kuma ƙarfe ya kewaye ta ta kowane ɓangare, sai saƙo ya bazu daidai gabas da yamma. In ka kafa ta a gefen but ko kusa da bonet, za ta fi ƙarfi ta wajen da jikin motar ya fi yawa, ɗaya gefen ya yi rauni. Rufin da ba na ƙarfe ba kuwa, sai ka nemi eriyar da ake kira mai rabin zango (half-wave), wadda ba ta dogara da jikin mota.

Sai tsawo, wanda ya danganta da mitar da rediyonka ke aiki a kai, ana auna ta da megahaz. Ta VHF, wajen megahaz 150, kimanin santimita 50 ce. Ta UHF, wajen 450, ba ta kai santimita 20 ba. Duka biyun suna zama a rufi lafiya. Cikakkiyar bulalar CB (doguwar eriyar rediyon jama'a) ta megahaz 27 kuwa ta haura mita biyu da rabi, ga rassan darbejiya, ga wayoyin lantarki a lungu. Ita dole ta sauko gefen baya.

Mai ɗora kaya a kariyar rufin mota, ka tabbata eriyar ta ɗara lodin, kada jarkoki da taya su rufe ta.

Daga nan ka yanke shawara: huda ko maganaɗisu? Ni dai huda nake zaɓa. Rami ne na milimita 19, gindin eriyar ya haɗu da tsuran ƙarfe, robar da ke ƙasa ta hana ruwan damina shiga. Amma kafin a huda, a sauke silin ɗin ciki a ga inda wayoyi da jakar iska suke. Mai maganaɗisu tana da amfani a motar haya, sai dai ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashinta ta goge fenti, tsatsa ta biyo baya. Ka riƙa ɗaga ta kana sharewa.

Ka bi da wayar eriyar nesa da filogi da janareton mota, don su ke kawo ƙara a rediyo, kuma kada murfin ƙofa ya matse ta.

A ƙarshe kai motar fili, nesa da gini, ka rufe ƙofofi, ka auna da mitar SWR, na'urar da ke nuna ko eriyar ta dace da rediyon. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau. In ya wuce 2, duba mahaɗin gindin tukuna kafin ka rage tsawon bulalar.